'Yan Aiken Cikin Jini: Abin Da Maganin Homon Ke Sauyawa A Jikin Mutum Da Abin Da Ya Fi Ƙarfinsa

Kwanakin baya an gayyace ni wata makarantar sakandare a Tsafe domin in yi wa ɗaliban aji biyar da shida bayani a kan balaga. Da yake na san darasi ne mai sa kunya, sai na roƙi malaminsu ya raba musu ƙananan takardu, kowa ya rubuta tambayarsa ba tare da sa suna ba. A cikin takardun akwai wata da aka nannaɗe ta ƙwarai, ga abin da ke ciki: “Malam, mun gani a waya wai a ƙasashen Turawa namiji yana shan magani ya koma mace, mace ta koma namiji. Gaskiya ne ko ƙarya?” Aji ya fashe da dariya, malamin kuwa ya sunkuyar da kai. Amsar da na bayar a ranar ba ta gamsar da ni ba, domin lokaci ya ƙure kuma motar Gusau tana jira. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in warware zancen a nan, tunda tambaya ce ta ilmin halittu tsantsa, kuma idan malami ya ƙi amsa ta, to mai kemis ko wayar hannu za su amsa ta a madadinsa.

Bari mu fara daga abin da kowa ya sani. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi a Tsafe ko Gusau ya san bambancin bunsuru da taure. Bunsuru ga wari, ga neman faɗa, ga bin awaki ba hutawa. Taure kuwa, da yake an dandaƙe shi tun yana ƙarami, ba ruwansa da wannan duka, sai ci da tara kitse, shi ya sa mahauta ke son sa. Haka manomin Bungudu ba ya son ɗaura wa bijimi garma sai an yi masa dandaƙa ya yi laushi. Kakanninmu sun san cewa akwai wani abu a cikin 'ya'yan maraina wanda yake mulkin murya da tsoka da hali. Har a kan mutane an san haka, domin tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake ba bābanni muƙamai a fada, kuma an san wanda aka yi wa haka tun yana yaro ba ya yin gemu, muryarsa ba ta buɗewa. Abin da ba a sani ba shi ne, ta wace hanya wannan ƙaramar gaɓa take aika umurni zuwa maƙogwaro da haɓa?

Wani Bajamushe mai suna Arnold Berthold, a garin Gottingen, shi ya fara gano bakin zaren a shekarar 1849, kuma da zakaru ya yi aikinsa. Ya cire wa wasu 'yan zakaru maraina, sai suka tashi ba cara, ba faɗa, zankonsu ya ƙi girma. Wasu kuma bayan ya cire sai ya dasa marainan a cikin cikinsu, nesa da mazauninsu na asali. Waɗannan suka tashi cikakkun zakaru. Da ya yanka su ya duba, sai ya tarar jijiyoyin jini sun kama dashen, amma babu wata jijiyar saƙo da ta haɗa shi da sauran jiki. Ke nan ta cikin jini umurnin yake tafiya. A 1905 wani masani a Ingila, Ernest Starling, ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai suna homon, daga wata kalmar Girkanci mai nufin zaburarwa. Ni dai na fi son in kira su 'yan aike, domin aikinsu ke nan: a haɗa su a wuri guda, jini ya ɗauke su, su isar da saƙo a wani wuri. An tace homon ɗin mata na farko a 1929, na maza kuma, wato testostiron, an tace shi a Amsterdam a 1935, a shekarar kuma aka iya harhaɗa shi a ɗakin gwaji. Tun daga nan testostiron ya zama magani da ake iya zubawa a kwalba.

Akwai kuskuren da nake yawan ji har a bakin ɗaliban jami'a, cewa testostiron na maza ne kaɗai, istirojin kuma na mata ne kaɗai. Ba haka ba ne. Kowane ɗan Adam yana da duka biyun, bambancin a yawa yake. Testostiron na jinin baligi namiji ya ninka na mace kamar sau 15. Wani abin mamaki ma, jiki daga testostiron yake ƙera istirojin, ta hanyar wani sinadari mai suna aromatas wanda yake da yawa a cikin kitse. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abu na biyu da ya kamata a fahimta shi ne, ɗan aike ba ya da amfani idan babu mai karɓar saƙo. A cikin ƙwayoyin halittar fata da tsoka da ƙashi da saiwar gashi akwai makarɓa, kowanne da irin homon ɗin da yake amsa wa, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Waɗannan makarɓa suna nan a jikin mace, suna nan a jikin namiji. Haɓar mace tana da saiwoyin gashi masu jiran umurni, ƙirjin namiji kuma yana da tushen nono wanda bai samu umurnin girma ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa maganin homon yake iya yin tasiri a jikin kowa.

Su wa ake ba wannan magani?

Mafi yawan masu shan sa ba su da wata alaƙa da tambayar ɗalibin nan. Akwai yarinyar da aka haifa da kuromosom X guda ɗaya maimakon biyu, lalurar da ake kira Turner, wadda ke samun kamar ɗaya cikin 'yan mata 2,500. Irin wannan yarinya takan kai shekara goma sha shida ba nono ba haila, sai an ba ta istirojin. Akwai yaron da marainansa ba sa aiki, sai an yi masa allurar testostiron kafin ya balaga. Akwai matan da haila ta ɗauke musu suna fama da zafin jiki da gumin dare. Ƙwayoyin tazarar haihuwa ma homon ne.

Sai kuma waɗanda Hausawa ke kira mata-maza, malaman fiƙihu kuma su ce huntha. A nan zan ɗan tsaya, domin su ne suka fi kusa da mu, kuma su aka fi zalunta da dariya. Ɗan tayi har zuwa mako na shida siffarsa ɗaya ce, ko mace zai zama ko namiji. A wajen mako na bakwai wani ɗan guntun umurni da ke kan kuromosom Y, wanda aka gano a 1990 aka sa masa suna SRY, yake sa a gina maraina, su kuma su fara fitar da testostiron. Matakan suna da yawa, kuma a kowanne ana iya samun tangarɗa. Wadda ta fi yawa ita ce ta wasu 'yan tsokoki biyu da ke zaune a saman ƙoda. Idan suka kasa haɗa homon ɗin kotisol, sai kayan haɗin su karkata su zama homon ɗin maza, a haifi jaririya mai mahaifa da komai na mace a ciki, amma al'aurarta ta waje tana kama da ta namiji. Wannan yana faruwa a kamar haihuwa ɗaya cikin 15,000, kuma gado ne daga uwa da uba duka biyu. Idan kowannensu yana ɗauke da shi a ɓoye, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na kamuwa, don haka ya fi bayyana inda auren zumunci ya yi yawa. Ina roƙon malamai su isar da wannan ga iyaye: da yawa daga irin waɗannan jarirai jikinsu ba ya riƙe gishiri, a mako na biyu ko na uku sai su kama amai, su ƙi nono, su bushe, kuma suna iya mutuwa. Tun 1950 aka san maganin, lokacin da Likita Lawson Wilkins na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya nuna cewa kotizon yana gyara lamarin. Ɓoye jaririn a ɗaka saboda kunya shi ne haɗarin.

Malamanmu na da ba su kawar da kai daga wannan batu ba. Littafin Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan Gusau har gobe, da hukuncin gadon huntha ya rufe, inda ya jero alamun da ake dubawa: mafitar fitsari, fitowar gemu, fitowar nono, haila da maniyyi. Idan ka cire ta farko, sauran duka aikin homon ne a lokacin balaga. Wato sun gane cewa wani lokaci sai an jira balaga kafin jiki ya bayyana inda ya dosa. Kimiyya ta tabbatar da haka a 1974, lokacin da Likita Julianne Imperato-McGinley ta ba da rahoton wasu yara a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika, waɗanda ake renon su a matsayin mata, amma da sun kai wajen shekara goma sha biyu sai murya ta buɗe, tsoka ta fito, al'aurar maza ta girma. Maza ne tun asali, sinadarin da ke ƙara wa testostiron ƙarfi a cikin mahaifa ne ba su da shi.

Rukuni na ƙarshe su ne waɗanda ɗalibin ya gani a waya. Su jikinsu ba shi da wata tangarɗa irin wadda muka ambata, amma suna jin matsananciyar damuwa mai ɗorewa cewa jinsin jikinsu bai dace da yadda suke jin kansu ba. Likitoci a Turai sun daɗe da fara ba irin waɗannan homon: Michael Dillon a Ingila ya fara shan testostiron a 1939, labarin Christine Jorgensen, tsohon sojan Amurka da aka yi wa magani a Denmark, ya cika jaridu a 1952. Hukuncin wannan ba fagena ba ne. Abin da zan iya faɗa shi ne, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 1989 cewa bai halatta ba ga mai cikakkiyar halitta, amma ta halatta wa huntha magani da homon ko tiyata don a kawar da rikitarwa. A Iran kuwa fatawar Khomeini ta shekarun 1980 ta buɗe ƙofa. Su kansu Turawan ba su daina jayayya ba, musamman a kan yara, har Ingila ta dakatar da ba ƙananan yara maganin tsayar da balaga a 2024 bayan rahoton Likita Hilary Cass ya ce hujjojin amfaninsa ba su da ƙarfi. Amma ga masanin halittu, shekarun da aka yi ana lura da waɗannan mutane sun koya mana dalla-dalla abin da kowane homon yake yi wa jikin baligi, da tsawon lokacin da yake ɗauka. Ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ta tattara wannan a jagorarta ta 2017, kuma daga nan na ɗauko lokutan da ke tafe.

Idan testostiron ya shiga jikin mace

Fata ce take fara ba da shaida. Cikin wata ɗaya zuwa shida sai ta yi maiƙo, ƙuraje su feso a fuska da baya, daidai irin na ɗan aji uku. A cikin wannan lokaci haila takan ɗauke, kitse ya fara barin ƙugu da cinya yana taruwa a ciki, wani sashe na al'aura kuma ya ƙara girma. Daga wata shida zuwa shekara sai murya ta fara kauri, saboda tantanin murya da ke cikin maƙogwaro ya yi kauri, kamar yadda tsirkiya mai kauri take ba da amo mai zurfi a jikin garaya. Tsoka tana ƙaruwa har tsawon shekara biyu zuwa biyar. Gemu shi ne mai nawa, yakan ɗauki shekara huɗu zuwa biyar kafin ya kai iyakarsa, kuma iyakar tasa gado ne ke yanke ta. Wadda mazan gidansu ba su da ƙasumba, allura ba za ta ƙirƙiro mata ba. Wadda kuma mazan gidansu ke da sanƙo, to ta shirya, shi ma yana tafe.

Abin lura shi ne wasu daga cikin waɗannan ba sa komawa. Idan aka daina allura haila tana iya dawowa, kitse ya koma mazauninsa, tsoka ta saki. Amma murya idan ta buɗe ta buɗe ke nan, haka gashin fuska da sanƙo. 'Yan wasan tsohuwar Jamus ta Gabas sun ɗanɗana wannan ba da son ransu ba, domin gwamnatinsu ta riƙa ɗura wa 'yan mata ƙwayoyin homon ɗin maza da sunan bitamin don su ciwo lambobi. Ɗaya daga cikinsu, Heidi Krieger, wadda ta zama zakarar Turai a jifan dalma a 1986, jikinta ya sauya ƙwarai, daga baya ta koma rayuwa a matsayin namiji da sunan Andreas, ta kuma ba da shaida a kotu a kan waɗanda suka yi mata haka. Ban da wannan, testostiron yana sa jini ya yi kauri saboda yawan jajayen ƙwayoyi, abin da kan iya jawo toshewar jijiya, shi ya sa ake auna jinin mai shan sa a kai a kai. Kuma ɗaukewar haila ba ta nufin ba za a iya ɗaukar ciki ba.

Idan istirojin ya shiga jikin namiji

A nan aikin ya fi wuya, domin sai an haɗa da wani magani mai danne testostiron, kuma rushe gini ya fi wuya a jiki fiye da ƙara shi. Sha'awa ce take fara raguwa, cikin wata ɗaya zuwa uku. Daga wata uku zuwa shida fata takan yi laushi, tsoka ta ragu, kitse ya fara sauka ƙugu, maraina su ƙanƙance, nono kuma ya fara tasowa da ɗan ciwo kamar na yarinya mai shiga balaga. Girman nonon yakan tsaya bayan shekara biyu zuwa uku, galibi kuma bai cika girma sosai ba, amma ba ya komawa ko an daina magani. Gashin jiki yana yin laushi a hankali, sai dai gemu ba ya ɓacewa. Murya kuwa ko kaɗan ba ta sauyawa, domin maƙogwaron da ya riga ya faɗaɗa ba ya tsukewa, zakaran wuya yana nan inda yake. Maniyyi yana raguwa ko ya ƙare, kuma babu tabbacin zai dawo. Babban haɗarin istirojin shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai shan taba da wanda ya manyanta.

To, ga amsar tambayar. Homon yana sauya fata, kitse, tsoka, gashi, nono, da murya ta fuska ɗaya. Ba ya taɓa kuromosom, ba ya ƙirƙirar mahaifa ko maraina, ba ya mai da maniyyi ƙwai. Ƙashi ma, da zarar bakinsa ya rufe a ƙarshen balaga, tsawo da faɗin kafaɗa sun zauna ke nan. Wani abin sha'awa, istirojin ne yake rufe bakin ƙashi har a jikin maza. An tabbatar da haka a 1994 da labarin wani mutum a Amurka wanda jikinsa ba ya jin saƙon istirojin: yana da shekara 28, tsawonsa santimita 204, ga gemu ga komai na maza, amma bai daina tsawo ba, ƙasusuwansa kuma ba ƙwari.

Abin da ya fi damuna ba ya Turai, yana nan kusa. Samarinmu masu ɗaga ƙarfe sun fara sayen allurar testostiron don ƙirji ya buɗe. Ga abin da ba a gaya musu ba. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake, ita ce take auna yawan homon a jini tana ba maraina umurnin aiki. Idan ta ga testostiron ya yi yawa daga allura, sai ta yi shiru, maraina su daina aiki, su ƙanƙance, maniyyi ya ragu. Rarar da ke yawo a jini kuma aromatas ɗin nan da na ce a riƙe sai ya mai da ita istirojin. Saurayi ya fita neman ƙirjin zaki, ya dawo da nono da matsalar haihuwa. Garin neman gira ya rasa ido. 'Yan mata su ma ana tallata musu ƙwayoyi da mayukan ƙara ƙugu da nono waɗanda ba wanda ya san abin da ke cikinsu. Ƙwayar ƙiba da ake kira sha-ka-fashe kuwa yawanci dangin kotisol ce: fuska ta kumbura, ciki ya fito, amma hannu da ƙafa su rame, fata ta tsattsage, sukari da hawan jini su biyo baya. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin tsokokin saman ƙodarta sun yi barci, sai likita ya rage mata a hankali.

Ga malaman makarantun kwana kuma, akwai abin da za ku riƙa gani. Kusan rabin yara maza suna samun ɗan kumburin nono a wajen shekara 13 zuwa 14, wani lokaci ɓangare ɗaya, mai ciwo in an taɓa. Wannan ba ciwo ba ne, ba kuma alamar komawa mace ba ce, homon ne bai gama daidaita ba, kuma yakan baje da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Na san yaron da ya daina wanka da rana tsawon zango guda saboda wannan, da kalma ɗaya daga malamin kula da ɗaki ta ishe shi. Waɗanda ya kamata a tura asibiti su ne yarinyar da ta kai 13 ba alamar nono, ko ta kai 15 ba haila, da yaron da ya kai 14 ba alamar balaga, da yarinyar da muryarta ke buɗewa ko gemu ke fito mata, da duk jaririn da ungozoma ta yi shakkar jinsinsa. A fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin ƙwararru na Yariman Bakura. Idan abin ya buƙaci awon homon da na kuromosom, su za su rubuta takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato, ko na Shika, ko na Malam Aminu Kano. Iyaye su tafi da katin haihuwa, da kwalin duk wani magani da yaron ya taɓa sha, har da na gargajiya da na kemis.